Tafin Hannun Gwaggo Delu

Tun da aka koma makaranta Hafsat da Zainab suka hana ni sakat. Wai an ce na je Nijar, me na gani, me na ci, da gaske ne can ma Hausa suke yi? Ni kuwa kun san halina, idan ido ya yi mini yawa magana maƙalewa take yi a wuyana. Shi ya sa na ce zan rubuta. Ga shi nan, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba, kuma tun daga fita har dawowa gabana bai daina faɗuwa ba.

Kakana na wajen uba yana kwance tun bara, ɓarin jikinsa ya shanye. Duk 'yan'uwansa sun rasu sai yayarsa ɗaya, wadda Babanmu ke kira Gwaggo Delu. An kai ta aure wani ƙauye bayan Maigatari, cikin ƙasar Nijar, tun kafin a haifi Baba. Ita ma ƙafa ta ƙi, ba ta iya tafiya. Sukan gaisa a waya, amma Kaka ya ce murya daban, fuska daban, shi yana son ya ga fuskar yayarsa kafin ya koma ga Allah. Matsalar ita ce Gwaggo ba ta yarda a ɗauke ta da waya. Ta ce hoton waya yawo yake yi hannun kowa. Da aka matsa mata, sai ta aiko cewa ta yarda da hoton kati irin na da, sau ɗaya, kuma na Habu ne shi kaɗai. Habu shi ne Kaka.

Kawu Sale, yayan Ummana, tsohon mai hoto ne. Ya rufe shagonsa tun da wayoyi suka cika gari, amma ya ajiye kyamara biyu masu fim a naɗe cikin tsohon rawani. Shi ya ce zai je. Sai Baba ya tuna masa cewa gidan ba a shiga, kuma shi ba muharraminta ba ne. Nan take kowa ya juyo yana kallona.

Kaka ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce, “Amarya, ke za ki je ki ɗauko mini ita. In kika dawo da baƙin kati, na sake ki.”

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Duk hutun nan a gindin darbejiyar gidanmu na yi shi, Kawu yana koya mini. Abu na farko da ya sa mini a kai shi ne, fim ba ya yafiya. Idan haske ya yi masa yawa fuska ta fito fari fat kamar an goge ta. Idan ya yi kaɗan ta fito baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Kuma ba za ki sani ba sai an wanke. Don haka kowace kyamara tana da abin auna haske, ke kuma ki juya zoben da ke buɗe idonta ko ya tsuke shi, har ma'aunin ya ce ya yi.

Ɗaya baƙa ce, mai nauyi, muna ce mata Baƙa. Tana da batir ƙarami kamar maɓallin riga. Idan kika sa ido a cikinta za ki ga 'yan fitilu a gefe: ja a sama haske ya yi yawa, ja a ƙasa ya yi kaɗan, kore ya yi daidai. Ita na fi so, don abin da kika gani shi za ta ɗauka, kuma tana cika hannu, ba ta rawa.

Ɗayar Fara ce, ta girmi Baƙa nesa. Ba ta da batir. A goshinta akwai ɗan gilashi mai kama da saƙar zuma, shi ke shan haske ya motsa wata siririyar allura a samanta. Sai kin sauke ta daga ido kin duba allurar, kin juya zobe, kin sake ɗagawa. Idan kika leƙa kuma mutum biyu za ki gani, sai kin murza har sun haɗe sun zama ɗaya. Ba ta da nauyi, shi ya sa ko numfashi na yi sai ta motsa. Tsoronta nake ji.

Kawu ya ce duk biyun ana ruɗarsu. Farin bango ko farin tufafi sai su sa ma'auni ya ɗauka duniya ta cika da haske, ki tsuke ido, fuskar mutum ta ƙone. “Maganinsa tafin hannunki,” in ji shi. “Ki kai shi inda fuskar take, ki auna shi shi kaɗai, sannan ki ƙara buɗe ido taki ɗaya. Tafin hannu ba ya yi wa mai hoto ƙarya.” Ya sa sabon fim a Baƙa. Fara kuwa akwai ragowar wani a cikinta, ya ce mu tafi da ita ko don tsaro.

Da sassafe muka shiga mota a tashar Dutse. Ni aka matse a baya tsakanin Kawu da wata mata mai kwandon zabi. Na rungume jakar a ƙirji. Kafin mu kai Jahun ta kasa haƙuri.

“Yarinya, jariri ne a jakar nan?”

Na girgiza kai.

“To ki sassauta masa, ko ba jariri ba ne ya ji jiki.”

Direban ba ya taka birki sai ya ga dole. Ruwan sama ya ci gefen titi a wurare da yawa, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar allurar Fara ce ta karye. A Gujungu muka tarar da ranar kasuwa, motoci da awaki da masu talla sun cushe hanya. Kawu ya saya mini gasasshiyar masara, na riƙe ta har Gumel ban ci ba. A ƙarshe mai zabin ce ta cinye, ta ce kada a yi asara.

A Maigatari muka sauka muka taka zuwa kan iyaka. Na zaci zan ga katanga ko babbar ƙofa. Igiya ce da ganguna da rumfa, sai mutane suna wucewa da buhuna kamar masu zuwa unguwa. Ɓangarenmu aka duba katin Kawu da na makarantata aka ce mu wuce. A ɗaya ɓangaren wani jami'i matashi ya ce a buɗe jaka. Ya ɗauki Baƙa ya juya bayanta yana nema.

“Ina wurin da hoton ke fitowa?”

Kawu ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba ta nuna komai sai an wanke.”

Ya kira abokinsa, suka yi magana da Faransanci. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce aikinsa ne, ba zai bar ƙarfe rufaffe ya wuce bai ga cikinsa ba, a buɗe ko da guda ɗaya. Kuma wadda ke hannunsa ita ce Baƙa. Kawu ya yi masa bayanin cewa idan haske ya taɓa fim ya mutu, ya roƙa a bari ya naɗe shi tukuna. Na tsaya ina jin ƙarar naɗin, ƙir, ƙir, ƙir, har ya yi sakwat. Wutsiyar fim ɗin ta shige cikin gwangwaninsa, kuma Kawu ya taɓa gaya mini idan ta shige ba a zaro ta sai a shago.

Jami'in ya leƙa ciki, ya ga ba komai, ya yi dariya. “Kai Kanawa! Kayan kakanninku ma ba ku bar su sun huta ba.”

“Mun kawo muku ne ku ga ci gaba,” in ji Kawu.

Suka tafa. Ashe wasa ne tsakaninmu da mutanen can, duk inda muka je Kanawa suke ce mana, ko na ce daga Dutse muke. Ni dai ban ji daɗin wasan ba. Muna barin rumfar Kawu ya daina murmushi. Ya ce, “Rumasa'u, yanzu sai Fara. Kuma abin da ya rage a cikinta kaɗan ne. Baƙa za ta iya taya ki awo, amma ba za ta ɗauka ba.”

Daga nan babur muka hau, su kabu-kabu suke ce masa. Hanyar rairayi ce tsakanin gonakin gero, babur yana ta wutsil-wutsil. Sau biyu muna sauka mu taka. Mun isa bayan la'asar, hadari ya rufe gabas, Kawu ya dubi sama ya ce hoto sai gobe. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure tare da maza, ni aka shiga da ni ciki.

Gidan cike yake da mata, don an yi suna a makon. Inna Mariya, surukar Gwaggo, ita ta karɓe ni. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa da wuri: gajiya, gida, damina, masu jiki, sannan a koma kan gajiya. Wata ta tambaye ni wace lakwal nake, ban gane ba sai da aka ce makaranta take nufi. Aka kawo fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki, sannan tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Mu a gida kowa da kwanonsa, su kuwa mu shida a akushi ɗaya, kuma duk lomar da na yi sai wata ta turo mini wata gabana. Gwaggo tana barci a ɗakinta, aka ce sai da safe.

Bayan magariba 'yar Inna Mariya, Habsu, sa'ata ce, ta kama hannuna ta juya.

“Inna, dubi hannun Bakanuwa, fari kamar na mai jinya!”

“Baƙuwa ba ta kwana da farin hannu a gidan nan,” in ji Inna Mariya. “Kawo lallen da ya rage.”

Mu nan zane ake yi mana a bayan hannu da kan yatsu. Su duk tafin suke shafewa, da kauri, su naɗe da ganye, su zura hannun cikin zunguru, wato dogon ƙwarya. Na so in ce a'a don kunya kawai, amma bakina bai buɗu ba. Wallahi ko kaɗan tunanina bai kai kan kyamara ba. Da asuba aka wanke, aka shafa wani abu mai warin toka, Habsu ta ce shi ke sa ya kama.

Da safe aka ba ni shayi a ɗan ƙaramin kofi da burodinsu dogo mai tauri, wanda sai an tsoma yake ciyuwa. Da hantsi na leƙa zaure. Kawu ya ce rana ta yi kyau amma gajimare na yawo, in yi sauri, in sa a zaunar da Gwaggo a inuwa. Ya rataya mini kyamarorin biyu a wuya. Hannuwana suna cikin hijabi, bai gan su ba.

Mata biyu suka ɗauko Gwaggo suka jingina ta da bangon ɗakinta, ƙarƙashin rumfa. An shafe bangon da farar ƙasa saboda suna. An yafa mata farin mayafi sabo. 'Yar ƙarama ce, baƙa, fuskarta duk layi-layi, amma idonta irin na Kaka ne sak.

“Ke ce jikar Habu?”

Na durƙusa na gaishe ta.

“Yana cin abinci?”

“Yana ɗan taɓawa, Gwaggo.”

“Ƙarya yake yi miki, tun yana yaro ɓoye tuwo yake. To ki yi abin da za ki yi, bayana ba ya son zama.”

Duk matan gidan suka yi da'ira suna kallona. Na ɗaga Baƙa na duba Gwaggo, jar fitilar sama ta kama. Wannan ban damu ba, na san bango da mayafi ne. Na matsa kusa, na miƙa tafin hannuna gefen fuskarta, na kara Fara. Allura ta ɗan motsa da ƙyar ta tsaya. Na gwada da Baƙa, ja a ƙasa. Duk biyun sun ce duhu ne. Wani abu ya ɗan sosa mini rai, don inuwar ba ta fi ta darbejiyarmu duhu ba, kuma can allura har tsakiya take zuwa. Amma ido ya yi mini yawa, kuma tunda biyun sun yarda da juna, ni wace ce? Na buɗe idon Fara sosai, na ƙara taki ɗaya, na haɗe Gwaggo biyu ta zama ɗaya, na danna. Na ja mariƙin da ke tura fim gaba na sake dannawa.

Sai wata 'yar yarinya da ke raɓe da ƙafata ta ce, “Kai, lallen Bakanuwa ya fi na kowa kamawa. Baƙi wuluk!”

Na juya hannuna na duba. Tafin da Kawu ya ce ba ya ƙarya ya koma kamar gindin tukunya. Ba duhun wurin suka auna ba, duhun lalle suka auna. Hotuna biyun nan sun tafi, kuma ban san ko saura nawa ba.

Na dubi hannun Habsu, baƙi. Na Inna Mariya, baƙi. Har 'yar yarinyar nan an shafa mata. Na yi tunanin in ruga zaure, amma Gwaggo ta fara zamewa daga bangon tana cije leɓe.

“An gama ko?” in ji Inna Mariya. “Ku kama ta mu mayar.”

Ban san lokacin da na ce “A'a” ba. Da ƙarfi ya fito, har wata ta ce, “Ashe tana da murya.” Hannuwan Gwaggo suna cikin mayafi. Na durƙusa gabanta.

“Gwaggo, don Allah ki ara mini hannunki.”

Ta zaro shi a hankali. Tafin fari ne tas, busasshe, ba a sa mata lalle ba don sanyi yake sa mata. Na ɗaga shi kusa da kumatunta, na kara Fara. Allura ta tashi ta tsaya a tsakiya. Na saita zobe, na sa Baƙa a kan wannan lambar na kara ta, kore ta kama. Na ƙara taki ɗaya. Ina ɗaga kyamara gajimare ya rufe rana, tsakar gida ta dushe. Na sake kama hannunta na auna.

“Ke 'yar nan,” in ji Gwaggo, “hannun za ki kai wa Habu ko fuskar?”

Matan suka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Na matse gwiwar hannuna a ciki, na riƙe numfashi, na danna tana cikin dariyar. Na ja mariƙi na sake ɗaya. Da na ja na gaba sai ya tsaya a rabi, ya ƙi gaba. Fim ya ƙare.

Da na gaya wa Kawu a zaure, ya kama hannuna ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a bai taɓa tunanin lalle ba, don shi ba a taɓa sa masa ba. Na tambaye shi ko na ƙarshen sun yi. Ya ce, “Allah ne Ya sani, sai kuma mai wanki.” Ya naɗe fim ɗin ya cire, na ƙulle gwangwanin a leda na sa a aljihun siket.

A hanyar dawowa ruwa ya kama mu a kan babur. Ban kare kaina ba, aljihun na dafe da hannu biyu har Maigatari. A kan iyaka aka buɗe kyamarorin duka biyu, wannan karon ba wanda ya damu. Gwaggo ta ba ni cukwi da ƙullin kuka in kai wa Kaka, su ma sun jiƙe.

Jiran ya fi tafiyar wuya. A Dutse ba mai wanke irin wannan fim yanzu, sai wani tsohon abokin Kawu a Kano, shi ma sai ya tara aiki yake haɗa ruwan wanki. Cikin kwanakin nan jikin Kaka ya tashi, ya daina karɓar komai sai kunu. Kullum na shiga gaishe shi sai ya ce, “Amarya, ina saƙona?” Ni kuma in ce yana hanya, in fita bayan ɗaki in yi kuka. Ina tsoron katin ya zo ba fuska, ina tsoron ya zo ba mai dubawa.

Ranar da Kawu ya dawo daga Kano, kai tsaye ɗakin Kaka ya wuce, ya miƙo mini ambulan ya ce ni zan buɗe. Na farko fari fat ne, mayafi da bango da fuska duk sun narke sun zama abu ɗaya. Na biyu haka. Na uku ya ɗan girgiza, amma mutum ce. Na huɗu kuwa Gwaggo Delu ce zaune tana dariya, kowane layi na fuskarta ya fito.

Baba ya sa wa Kaka tabarau, na riƙe masa katin a gabansa. Ya ƙura masa ido. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora yatsa a saman girarta ta hagu. Akwai ɗan tabo a wurin, siriri. Ni da na durƙusa dab da ita ban lura da shi ba.

“Ƙahon saniyar gidanmu ne,” in ji shi. “Ni ta taso wa. Yaya ta shiga tsakani.”

Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, Baba ya sa hannu zai goge, ya ture shi.

“Ku ɗaga ni in zauna,” ya ce. “A kira mini ita. Sai na gaya mata ta tsufa.”